Littattafan mutanen da zama bai karɓe su ba

Bilkisu: Assalamu alaikum, 'yan zaure. Shawara nake nema. Ina son littattafai kan mutanen da ba su samu wurin zama ba a duniya, yau suna nan gobe suna can, ko waɗanda suka ga abin da suka gina ya watse a gabansu. Daga kowace ƙasa. Na karanta Ruwan Bagaja da Ganɗoki tun ina sakandare, amma su sun fita ne sun dawo gida da labarin bajinta. Ni wanda ya fita bai san ko akwai dawowa ba nake nema.

Malam Garba: Wa alaikumus salam. 'Yata, fara da na gida tukuna. Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934 daga gasar nan ta Zariya da ta haifi biyun da kika ambata. Yaro ne daga Kagara, aka sace shi, ya faɗa hannun masu cinikin bayi har Kano, wani Balarabe Abdulkarim ya ƙetare Sahara da shi zuwa Misira, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya yi karatu. Yawanci mutane kan tsaya ga Umar da haƙurinsa. Ni kuwa uwar ce ta hana ni barci. Mace ɗaya tilo ta bar gida ta bi sawun ɗanta, aka yaudare ta a hanya, ita ma aka mai da ta baiwa, ta bi ta Murzuk har Tarabulus. Sun haɗu a ƙarshe, ba ta daɗe ba ta rasu. Umar ɗin ma bai koma Kagara ya zauna ba, a Rauta ya yada zango yana karantarwa.

Hajiya Rabi: Allah ya gafarta Malam, kun riga ni. In ta gama wannan sai ta ɗora da Paradise na Abdulrazak Gurnah, mutumin Zanzibar da ya samu kyautar Nobel a 2021. Ya fito a 1994. Yusuf yana ɗan shekara 12 ubansa ya miƙa shi ga wani attajiri Aziz, yaron yana ce masa kawu, bai san jingina aka ba da shi saboda bashi ba. Ya bi ayarin fatauci zuwa cikin ƙasa, a Tanzaniya ta yau, daf da yaƙin duniya na farko, lokacin Jamusawa na riƙe da wurin. Wanda ya san labarin fatake da madugu ba zai ji baƙunta ba ko kaɗan. Akwai kuma By the Sea na 2001, dattijo Saleh Omar da ya sauka Ingila neman mafaka, ya yi kamar bai iya Turanci ba, kayan da ya fi ji da shi ɗan akwatin turaren itace ne, shi ma aka karɓe a filin jirgi.

Nura: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Anti Bilkisu, tunda kin ce kowace ƙasa, ga na Japan guda biyu, duka gajeru. Na farko Hojoki, wani Kamo no Chomei ya rubuta a 1212, a zama ɗaya za ki gama shi. Ya buɗe da kogi, cewa yana gudana kullum amma ruwan ba shi ne na ɗazu ba, haka mutane da gidajensu. Sai ya shiga lissafa abin da idonsa ya gani a Kiyoto: gobarar 1177, guguwar 1180, ɗauke babban birni zuwa Fukuhara a shekarar nan har mutane suna kwance gidajensu suna bin kogi da katakon, yunwar 1181 zuwa 1182, da girgizar ƙasa ta 1185. Daga baya ya koma dutsen Hino ya gina 'yar bukka, taku goma tsawo taku goma faɗi, ya haɗa ta yadda in wurin ya ishe shi zai kwance ta ya loda a amalanke. Na biyu na mawaƙi Basho ne, Oku no Hosomichi. A 1689 ya rabu da gidansa a Edo, wato Tokiyo ta yau, ya nufi arewacin ƙasar, yawanci a ƙasa, shi da almajirinsa Sora, kusan wata biyar.

Hajiya Rabi: Nura, na karanta Basho, kuma yana da daɗi. Amma kada mu zuba su a kwando ɗaya da uwar Umar. Basho shi ya zaɓi hanya, ko'ina ya sauka akwai almajirai da masoya masu tarbarsa. Wanda ya bar gida don ya ga duniya daban, wanda gida ya watse a kansa daban. Bilkisu, nemi Rijalun fish-Shams na Gassan Kanafani, 1963, akwai fassarar Turanci. Falasɗinawa uku ne, dattijo Abu Ƙais, saurayi As'ad, da yaro Marwan, suna Basra suna neman shiga Kuwaiti neman aiki ba takarda. Wani direban tankar ruwa, shi ma Bafalasɗine, ya ce su shiga cikin tankin in an zo shingen iyaka, minti kaɗan ne. A shinge na biyu ma'aikata suka tsare shi da zolaya, rana na dukan ƙarfen nan. Da ya buɗe, duk ukun sun cika. Ya zubar da su a juji, yana ta tambayar me ya hana su buga jikin tankin. Shi Kanafani yana ɗan shekara 12 aka fitar da iyalinsa daga Akka a 1948, aka kuma kashe shi da bam a mota a Bairut a 1972. Duk ranar da na ji labarin 'ya'yanmu da mota ta lalace musu tsakanin Agadas da Libiya, littafin nan nake tunawa.

Nura: Gaskiya ne, Hajiya, game da Basho ban musa ba. Amma Chomei ba zaɓi tsantsa ba ne. Gidansu masu hidimar wurin bauta ne, muƙamin da ya sa rai a kai aka ba wani, sannan ya bar gari. Kuma a ƙarshen littafin ya juyo kan kansa, ya ce ashe son da yake wa bukkar nan ma wani ɗaurin ne ga duniya. Bai ba kansa amsa ba. Wannan wurin ne ya sa na yarda da shi.

Malam Garba: Ku biyun kuna da hujja. Mu ma mun haddace hadisin Ibnu Umar, na 40 a Arba'una: ka zama a duniya kamar baƙo ko mai wucewa a hanya. Sai dai wannan nasiha ce mutum yake yi wa zuciyarsa. Ba a tsayawa kan wanda aka kora daga gonarsa a karanta masa ita don ya yi shiru. Littattafan da Hajiya ta kawo suna tambaya ne, wa ya kore shi, kuma wa ya ci riba.

Bilkisu: Na gode ƙwarai, ina rubutawa. Amma ban da uwar Umar duk maza ne. Babu macen da ta ba da nata labarin da bakinta?

Zainab: Akwai, Yaya. Hayashi Fumiko, ita ma 'yar Japan. Uwarta da mijin uwarta 'yan koli ne masu yawo gari gari, a masaukai masu arha ta tashi, makaranta ma sai an yi ta sauya mata. Da ta je Tokiyo ta yi aikatau, ta yi aikin masana'anta, ta yi raba abinci a gidajen shan shayi, tana rubuta abin da ya same ta kullum. Shi ne ya zama Horoki a 1930. Babu kogi babu wata a ciki sai kuɗin haya, yunwa, da maza marasa alƙawari. Na fi son Ukigumo na 1951, shekarar da ta rasu. Yukiko mai buga tafireta ce, ta haɗu da wani ma'aikacin gandun daji mai aure, Tomioka, a Dalat ta ƙasar Biyetnam lokacin yaƙin duniya na biyu. Suka dawo Tokiyo da ta zama kango, ba su iya zama tare ba, ba su iya rabuwa ba, har ta bi shi tsibirin Yakushima ta mutu can. Zai ɓata miki rai, domin za ki yi ta son ki ce mata ta ƙyale shi.

Bello: Ba wanda ya ambaci Burning Grass na Cyprian Ekwensi, 1962. Mai Sunsaye, dattijon Bafillace da aka yi wa sammun sokugo, ya bi kurciya ya bar ruga yana ta gararamba. A karanta, labarin na jan mutum. Gyara ɗaya nake yi wa masu karanta shi: kada a ɗauka tashin makiyayi irin wannan ne. Mai kiwo ya san burtalinsa, ya san mashekarinsa, ya san watan da zai juyo. Gararambar gaske sai yanzu da aka nome burtalin, aka sace garken.

Abdullahi: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ni jikan Takari ne, a Wad Madani ta Sudan aka haife ni. Akwai littafi a kanmu, Permanent Pilgrims na C. Bawa Yamba, 1995. Bincike ne, ba ƙagaggen labari ba. Ya zauna da Hausawan Jazira da kakanninsu suka taso da niyyar Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare, suka tsaya noman auduga don su tara na gaba. 'Ya'ya da jikoki suka zo, har yau suna cewa a hanya suke. Wasu kuma tun bayan yaƙin Burmi na 1903 suka biyo ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, garin da suka kafa a bakin Shuɗin Nilu sunansa yake ɗauke da shi. Kakana ya ƙi a yi masa ginin bulo, yana cewa matafiyi ba ya nauyaya wa kansa. Mahaifina ne ya gina. A Disambar 2023 yaƙi ya iso garin, muka kulle shi muka fita.

Hajiya Rabi: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar da alheri, ɗana, ya kawo wa Sudan zaman lafiya. Iyalin duk suna lafiya?

Abdullahi: Amin, Hajiya. Da rai dai, alhamdu lillahi, sai dai a warwatse. Ga mai son adabin ƙasar, Mausimul Hijrati ilash-Shimal na Ɗayyib Salih, 1966. Mustafa Sa'id ya je Landan ya yi karatu, ya yi ɓarna, ya sha kurkuku, ya dawo ya ɓuya a wani ƙauye bakin Nilu yana noma, amma da ɗaki a kulle cike da littattafan Turawa. Akwai wuraren da ba na yara ba ne, a sani.

Issoufou: Daga Damagaram nake gaishe ku. Kada a manta da Dorugu, yaron ƙasar Kance da aka kama bauta, aka 'yanta shi, ya bi Bajamushen matafiyi Barth har Landan a 1855. Ya ba da labarinsa da Hausa, wani ɗan mishan Schön ya rubuta, yana cikin Magana Hausa na 1885. Bahaushe ne ke kallon Turai da idonsa, yana ɗan saurayi. Ya dawo, ya rasu a Kano a 1912.

Malam Garba: Madalla. Ina ba da shawara zaure ya ɗauki Shaihu Umar da Paradise a haɗe wannan watan, tunda duka yaro ne da ayari, mu ga inda Tafawa Ɓalewa ya yi wa Abdulkarim sassauci da inda Gurnah ya ƙi yi wa Aziz. Wata mai zuwa Kanafani da Hojoki, Hajiya da Nura su ƙarasa muhawararsu da littafi a hannu.

Bilkisu: Na amince, Malam. Zainab, ki turo mini sunan fassarar Ukigumo da kika karanta. Malam Abdullahi, in ba takura, ranar da za a tattauna ku ba mu labarin tasowar kakanku, daga wane gari, kuma ta wace hanya suka bi.