Neman shawara: an saka sunana cikin masu tafiya aikin bishara Kumasi, in tafi ko in haƙura?

Mai tambaya, malamin lakwal

Salamar Ubangiji a gare ku iyaye da 'yan'uwa. Dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya cika min ciki. Ni malamin lakwal ne ɗan kwantiragi a nan Damagaram, ban yi aure ba tukuna, kuma ina cikin shugabannin matasa a majami'armu. Fastonmu ya kira ni ya ce akwai tafiyar aikin bishara ta sati 3 zuwa Kumasi ƙasar Gana a watan Agusta lokacin bakansi, matasa ne daga Yamai da Maradi da nan, mu biyu aka zaɓa daga Damagaram saboda ana son masu jin Hausa sosai tunda cikin unguwannin zango za a yi aikin. Abin da aka faɗa mana shi ne za mu taya wata ƙaramar ikilisiya aikin yara, da ziyara gida gida, da taron addu'a da dare.

Kuɗin da ke kan kowa jaka 350 ne, mota da abinci da masauki, banda fasfo da allura. Majami'a ta ce za ta ɗauki jaka 100 daga baiko, sauran in nemo. Abin da na tara bai kai jaka 90 ba, shi ma babur nake son saye da shi, amma wani abokina ya ce zai ranta min in riƙa biya a hankali in an koma lakwal.

Bayan batun kuɗi, abu na biyun shi ya fi damuna. Agusta tsakiyar damina ce, gonar babanmu tana wajen Mirya, ƙarfinsa ya ragu sosai kuma ni ne babba a maza, ni ke riƙe noman duk shekara. Da na faɗa masa bai hana ni ba, cewa kawai ya yi in kiran Allah ne in tafi, amma na san shi, ko yana jin ciwon abu ba zai faɗa ba. Mama kuma tsoron hanya ne ya hana ta barci. Ni kuwa tun ina yaro in aka yi wa'azin aika ma'aikata cikin girbi sai in ji zuciyata tana bugawa, ban taɓa wuce Kano ba, ina tsoron in na bar wannan ba zan sake samun wata ba. In ci bashin in tafi? Kuma wanda ya san hanyar ya taimaka min da bayani.

Mama, Zumuntar Mata, Sabon Gari

Ɗana sannu, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya neman shawara. Ni dai magana ɗaya zan faɗa maka kuma ba zan ɓoye ba, kar ka ci bashi. Ka lissafa da kanka, jaka 160 ta rage maka banda fasfo, albashin ɗan kwantiragi mun san shi kuma mun san ba kullum yake zuwa kan lokaci ba, wata nawa za ka yi kana biya? Na ga zumunci da yawa ya lalace cikin majami'a a kan rance, har mutum ya daina zuwa sujada don kar ya haɗu da mai binsa. Sannan batun tsohonka, shirun da ya yi maka kunya ce irin ta uba, ba yarda ba ce. Karanta 1 Timoti 5:8 ka ga abin da Bulus ya ce game da wanda bai kula da mutanen gidansa ba. In za ka tafi to sai ka bar gonar a hannun wanda zai yi maimai tsakani da Allah, ka biya shi kafin ka tashi. In ba haka ba geron da aka rasa a Agusta ku ne za ku ji shi a jikinku watan Mayu.

Ɗan kasuwa mai bin Lome

Ƙanena ni ban iya wa'azi ba amma hanya na san ta, to saurara. Abu na farko ka tambayi masu shirya tafiyar ta ina za a bi, kar ka yarda da "za a gani". Da can mutum ya hau kar daga nan zuwa Yamai, kusan kilomita 900, ya bi ta Torodi da Makalondi ya shiga Burkina, Kanchari, Fada, ya gangara Gana. Wannan hanyar yanzu ba ta ayarin matasan majami'a ba ce sam, ka tuna a wajen Makalondi aka sace Fada Maccalli, limamin Katolika ɗan Italiya, a Satumban 2018, sai Oktoban 2020 aka sake shi a Mali. Ta Gaya kuma tun 2023 aka rufe gadar Malanbil ta shiga Benin, masu bi sai dai kwalekwale, a damina kuwa kogi cike yake, ban ba ka shawara ba.

Abin da ya rage ko jirgi daga Yamai, wanda jaka 350 ba za ta ɗauke shi da abinci da masauki ba, ko ta Najeriya. Matamaye, Ɗan Barto, Daura, Kano, daga nan doguwar tafiya zuwa Legas, sai iyakar Seme ka shiga Benin, Kwatano, ka shiga Togo, Lome, Aflawo ka shiga Gana, Akara, sannan kilomita kamar 250 zuwa Kumasi. Iyaka huɗu kenan, zuwa da dawowa takwas, kuma kowace iyaka da ɗan abin da take ci, ka sa a lissafi. Kwanakin mota kaɗai za su cinye maka wajen sati guda cikin ukun nan.

Takardu kuma, ka san mun fita CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, tun 29 ga Janairu 2025, duk da sun ce za a ci gaba da shige da fice kamar da, ni dai ban yarda mutum ya tafi da katin ɗan ƙasa kaɗai ba, ka yi fasfo tun yanzu don ba ya fita da wuri. Sefarmu tana ci a Benin da Togo, Najeriya naira, Gana sidi. Kar ka canza duka a bakin iyaka, kaɗan kaɗan, kuma ka raba kuɗin wuri biyu a jikinka.

Yayarku, na taɓa irin wannan tafiyar

Ni zan ce ka tafi in hali ya yi, amma ka san me za ka je yi. Na bi wani ayari zuwa arewacin Togo, mun tafi da tunanin mu ne za mu kai musu wuta, da muka isa sai muka tarar da mata suna tashi tun asuba suna addu'a a majami'ar da ko ƙofa ba ta da ita, mu ne muka dawo da darasi. A sati 3 ba za ka dasa ikilisiya ba, ba ma za ka gama riƙe sunayen yaran ba, wanda zai fi canzawa kai ne, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya tashi inda Kirista ba su da yawa. Gana yawancinsu Kirista ne, za ka ga ranar Lahadi gari ya cika da masu zuwa sujada babu ɗari-ɗari, wannan kaɗai yana ƙara wa mutum ƙarfin gwiwa.

Abin da ya ba ni kunya a tamu tafiyar shi ne nauyin da muka ɗora wa masu masaukinmu, talakawa ne amma suka yanka mana kaji, matar fasto ta bar sana'arta tana mana girki. To ku tabbatar kuɗin abincin nan yana isa hannunsu. Kuma ka shirya cikinka, fufu ne da banku da dokunu, abin da aka ajiye maka ka ci da godiya. Turanci ne harshen gwamnati can, cikin gari kuma Asante ne da yarensu, faransancinka ba zai yi maka aiki ba, Hausar ce jarinka a unguwannin zango irin Aboabo da Asawase.

Wani ɗan Birni

Ku gafarce ni amma ni ban gane ba. Gana da ke cike da majami'u da fastoci ita ce za mu kwashi jaka 350 kowane mutum mu kai wa bishara? Mu fa? Jaka 700 ta mutum biyu wata nawa za ta riƙe mai bishara a ƙauyen Tanut ko Gure? Kara-Kara tana nan ƙarƙashin hancinmu, yara nawa ne can ba sa zuwa lakwal, kai kuma malami ne, bakansi guda ka koya musu karatu kyauta ba sai ka hau mota ba. Ayyukan Manzanni 1:8 da Urushalima ya fara. Turawan mishan na SIM da suka sauka nan Damagaram a 1924 ba sati 3 suka zo yi ba, zama suka yi suka koyi Hausa, wasu suka tsufa a ƙasar nan, shi ya sa asibitin Galmi da aka buɗe a 1950 har yau yake aiki.

Baba Fasto mai ritaya

'Ya'yana na karanta duka. Ɗan Birni maganarka tana da nauyi, kuma dattawan majami'ar ya kamata su ji ta kafin su taɓa baiko. Sai dai ayar da ka kawo ba ta tsaya a Urushalima ba, ta kai har iyakar duniya, kuma mu da muka karɓa daga hannun baƙi bai dace mu zauna kullum muna masu karɓa ba. Zangon Kumasi ba sabon wuri ba ne ga Bahaushe, kakanninmu fatake sun bi hanyar Gwanja neman goro, jikokinsu ne can. Fasto ɗan Asante zai iya shekara yana wucewa ta ƙofar gidajensu bai san yadda ake gaida tsoho a zaure ba, kai ka sani. Wannan ne amfaninka, in akwai.

Amma ɗana tambayar da ban ji ka amsa ba ita ce, wa ya aike ka, kuma wa zai karɓe ka? A Ayyukan Manzanni 13 ikilisiyar Antakiya ce ta yi azumi da addu'a, ta ɗora wa Barnaba da Shawulu hannu ta sallame su, da suka dawo kuma ita suka tara suka ba labari. Ba su je neman rance wurin aboki ba. In majami'arku ta tabbata Allah ne ya ce a aike ka, to nauyin nata ne, jaka 100 da fatan alheri bai isa ba. Ka koma wurin fastonka da ladabi ka faɗa masa gaskiyar aljihunka da gaskiyar gonar babanka, kar ka ji kunya. Matasan da kake shugabanta su nawa ne? Ba za su iya yi wa tsohon gayya kwana biyu ba?

Sannan ka nemi ganin takardar gayyata daga ikilisiyar can, da sunan fastonta, fastonku ya yi magana da shi baki da baki ta waya. Ina faɗar haka ne domin an sha yaudarar yaranmu da sunan aiki a ƙasashen gaɓar teku, a karɓe kuɗinsu a bar su a tasha, kuma mai son cuta ba ya jin nauyin sa rigar addini. Kuɗi kar ya shiga lambar mutum ɗaya ba takardar shaida. Ka tambaya kuma su waye za su ci gaba da yaran bayan kun taho, in babu kowa to aikin bai shirya ba.

In ka isa, mutanen zango yawancinsu musulmi ne kamar maƙwabtanka na nan. Ka fara da gaida mai unguwa da limami, kar ka shiga gida sai an yi maka iso, kar ka tara yaran mutane ba da sanin iyayensu ba, kar ka yi musu a kan addinin kowa. Mu da muka ga 16 ga Janairu 2015 a garin nan, ranar da aka ƙona majami'u, mun san abin da tashin hankali ke jawowa, kuma ni maƙwabcina musulmi ne ya buɗe wa iyalina ƙofa ranar. Ku za ku taho, 'yan'uwan can su za su zauna da duk abin da bakinku ya bari. Hoton mutane kuma kar a watsa a Facebook.

Ma'aikaciyar gidan likita

Ƙanena allurar rigakafin cutar shawara dole ce, Gana suna tambayar katin nan mai ruwan ɗorawa a iyaka. Sai ta kwana 10 a jikinka kafin katin ya fara aiki, saboda haka kar ka bari sai satin tafiya, amma tun 2016 sau ɗaya ake yinta har ƙarshen rai, in an taɓa maka ka nemo tsohon katin. Kar ka sayi kati ba allura, wasu na yi, ranka ne. Ka tafi da sange naka da maganin palu da gishirin zawo, ruwa kuma na leda ko na kwalba.

Mai tambaya, malamin lakwal

Na gode ƙwarai iyayena, Allah ya saka. Baba na bi maganarku, jiya bayan sujada na zauna da fastonmu na faɗa masa komai. Ya ce takardar gayyata tana hannun na Yamai zai sa a turo, kuma zai kai batun kuɗin gaban dattawa ranar Laraba, har da maganar ɗan Birni don na karanta masa ita. Na faɗa wa abokina ya bar batun rancen. Matasa kuma sun ce tafiya ko ba tafiya za su je Mirya gayya, mahaifiyata sai da ta yi hawaye da ta ji. In kuɗin bai cika zuwa ƙarshen Yuni ba zan haƙura da bana in ba ɗayan ɗan'uwan abin da ya samu. Hanya dai sun ce ta Kano ce. Yaya ɗan kasuwa, fasfon a nan zan fara ko sai na je Yamai?

Ɗan kasuwa mai bin Lome

Fara zuwa ofishin 'yan sanda na nan gobe da safe ka tambaya, ka riƙe takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa da katinka, asali da kwafi. In sun ce sai Yamai ka yi min magana, ina da tafiya sati mai zuwa sai mu hau kar ɗaya.