Maigidana ya rame tun bayan hatsari, abinci ya ƙi shiga

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana.

Yau mako bakwai ke nan da maigidana ya yi hatsarin babur yana dawowa daga kasuwa. Ƙashin cinyarsa ya karye, aka yi masa aiki aka sa ƙarfe, ga kuma rauni a ƙwauri da har yanzu ake wankewa. Kwana 19 muka yi a asibiti. Alhamdu lillahi ƙafa tana sauƙi, amma ramar da ya yi ce ta hana ni barci. Mutumin da ke kilo 74, ranar da muka koma ganin likita aka auna shi 62. Loma uku zai yi ya ture kwano, ya ce bakinsa ɗaci, ƙanshin miya ma tashin zuciya yake sa shi. Hajiyarsu ta hana a ba shi ƙwai da gyaɗa da miyar kuɓewa, wai suna sa ciwo ya yi ruwa. Maƙwabciyata kuma ta kawo min sha-ka-fashe, ta ce mako biyu zai murmure. Ban ba shi ba tukuna. Ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Wata 'yar uwa: Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Sannu da jinya.

Ma'aikaciyar jinya: 'Yar uwa, ki fara mayar mata da ƙwayoyin nan. Abin da ake sayarwa da sunan sha-ka-fashe yawanci dexamethasone ne, wani lokaci a haɗa da cyproheptadine. Na farkon kumburi yake sawa, fuska ta cika, a zaci ƙiba ce. Yana tayar da sukari, yana rage garkuwar jiki, yana jinkirta warkewar ciwo, yana kuma raunana ƙashi. Mai karaya da buɗaɗɗen rauni ba shi da maƙiyi kamarsa. Na biyun yana buɗe ciki, gaskiya ne, amma yana sa barci da jiri, ga shi mutum yana dogara sanda. Faɗuwa ɗaya ta mayar da ku asibiti.

Ramar kuwa tana da dalili. Bayan babban rauni jiki yana ƙona abin da ya tara don ya gyara wurin da ya lalace, har tsokarsa yake ci. Kwanciya kuma kaɗai tana zubar da naman ƙafa cikin makonni. Sannan ki duba magungunansa. Flagyl yana sa ɗacin baki kamar an tsotsi ƙarfe. Tramadol yana sa tashin zuciya da taurin bayan gida, maganin ƙarin jini ma yana taurara shi. Diclofenac da ibuprofen suna cin ciki, musamman idan ba abinci. Kada ki tsayar da ko ɗaya da kanki, ki kwashe su duka a leda ki kai wa likitansa, ki ce masa ba ya cin abinci. Sau da yawa canjin magani ɗaya ke buɗe bakin.

Wani ɗan uwa: Ki sayo masa maltina da madarar gwangwani safe da yamma, shi ke nan.

Ma'aikaciyar jinya: Madarar ta yi, Malam. Maltina kuwa yawancinta sukari ne, za ta toshe masa ciki ya kasa cin abin da zai gina shi. Mai jinya irinsa yana buƙatar furotin, sinadarin abinci mai gina jiki, kamar giram ɗaya da rabi ga kowane kilo na nauyinsa, wato wajen giram 90 a rana, in dai ba shi da ciwon ƙoda. Furotin ɗin ƙwai ɗaya giram 6 ne kawai. Kin ga hana shi ƙwai da gyaɗa ba ƙaramar asara ba ce. Ƙwayoyin cuta ke sa ciwo ya yi mugunya, ba kuɓewa ba.

Wani da ya taɓa karaya: Ni na kwanta wata huɗu, na san abin. Abin da ya fi kashe min zuciya shi ne a dire min kwano shaƙe da tuwo a tsaya a kaina. Ganinsa ma ƙosar da ni yake. Uwargidana ta koma ba ni kaɗan-kaɗan sau shida ko bakwai: kunun gyaɗa da madara da sassafe, hantsi ƙosai biyu ko alale, azahar farfesun kifi, la'asar fura da kindirmo, dare awara ko ɗan dafaffen ƙwai. Abu mai sanyi ya fi shiga, don ba ya tashin ƙanshi. Kunun tsamiya da lemon tsami su suka kashe min ɗacin baki. Ruwa kuma bayan abinci, ba kafinsa ba. Wani abu da ba a faɗa: namiji da ya saba fita nema ya wayi gari sai an kai shi banɗaki, tunanin cefane kaɗai ya isa ya hana shi ci. Ki sa abokansa su riƙa zuwa suna cin abinci tare da shi a faranti ɗaya. Ni da ƙanena ya zauna muka sa hannu, ban san na cinye ba. Jikina bai dawo ba sai da na fara taka ƙafa da atisayen da masu gashin ƙashi suka koya min, kusan wata shida.

Wata uwa: 'Yata, maganar Hajiya kada ki yi musu da ita, ƙauna ce ta sa. Ranar komawa asibiti ki roƙe ta ta raka ku, ki tambayi likita a gabanta. Daga bakinsa za ta karɓa, daga naki sai a ce raini.

Ma'aikaciyar jinya: Na manta. Idan akwai zazzaɓi, ko raunin yana wari, ko tari ya wuce mako biyu da gumin dare, ko yawan ƙishirwa da fitsari, ko baƙin bayan gida alhali ba ya shan maganin ƙarin jini, kada ki jira ranar da aka ba ku. Kilo 12 a mako bakwai ma ya isa a auna jininsa da sukarinsa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wallahi yana shan Flagyl da tramadol duka, kuma kwana huɗu ke nan bai yi bayan gida ba, ban taɓa haɗa shi da rashin cin ba. Gobe da safe za mu je, Hajiya ta ce za ta bi mu. Ƙwayoyin na mayar.