Tambaya kan azumin mabiya addinin Jain

Ɗalibi daga Samaru: Assalamu alaikum. Malamai, a darasinmu an ambaci mabiya addinin Jain na Indiya, shin yaya azuminsu yake?

Malama daga Tudun Wada: Wa alaikumus salam. A lokacin Faryushana, wato bikin ibadarsu na shekara-shekara, kwana 8 ga ɗariƙar Shwetambara, 10 ga Digambara, wasunsu ba sa cin komai sai shan tafasasshen ruwa, kuma a ƙarshe kowa yana neman gafarar wanda ya saɓa wa.

Malam daga Sabon Gari: Ƙari a kan bayanin Malama, tushen lamarin shi ne guje wa cutar da kowane mai rai. Shi ya sa ba sa cin nama, masu tsantseni kuma ba sa cin albasa ko dankali, domin tono su yana hallaka ƙananan halittun cikin ƙasa.

Ɗalibi daga Samaru: Na gode, Malam, amma zancen albasar nan ya ba ni mamaki.