Neman shawara: tsohuwar jitar da mahaifinmu ya bar mana

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Mahaifinmu ya rasu watanni huɗu da suka wuce, kuma cikin kayan da ya bari akwai jita irin wadda ba a jona ta da lantarki, tana cikin akwatinta inda ta shafe aƙalla shekara ashirin ba a kaɗa ta ba. Ya sha faɗa mana cewa ta hannu ya saye ta tun kafin ya auri mahaifiyarmu. A kanta akwai rubutun ruwan gwal da ya dusashe, amma ana iya karanta sunan Martin da shekarar 1833. Banish ɗin fuskarta ya yi tsage-tsage sirara kamar saƙar gizo, sannan akwai tsaga guda a katakon, daf da robar da ke manne kusa da raminta. Yayana yana so a goge ta, a sake mata fenti, a ɗaura sababbin tsirkiyoyi kafin a sayar, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Mu biyar ne magada, kuma ba na so a tauye haƙƙin kowa saboda rashin sani. Ta yaya zan gane ko ta gaske ce, da shekarar da aka ƙera ta, da kuma wanda zai ƙiyasta darajarta tsakani da Allah?

Amsa daga wani mai gyaran kayan kiɗa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙurin rashi. Kafin komai, ki roƙi yayanki ya dakata, domin sake fenti shi ne abin da ya fi karya darajar tsohuwar jita, har masu wannan harka sukan ce yana iya zubar da kusan rabinta. Siraran tsage-tsagen da kike gani ɗabi'ar tsohon banish ce idan ya sha zafi da sanyi, kuma masu saye suna ɗaukarsu shaidar cewa ba a taɓa shi ba. Kada a shafa mata mai ko maganin goge kujeru. Ƙyalle mai laushi, busasshe, ya wadatar. Kada kuma a ɗaure tsirkiyoyin, domin guda shidan nan idan aka ja su daidai suna ɗora wa katakon nauyin kusan kilo 70, kuma gam ɗin da ya daɗe yana iya saki.

Shekarar 1833 ba ita ce shekarar ƙirarta ba, shekarar kafa kamfanin ce. Amsarki tana cikin cikinta. Ki haska tocila ta ramin, ki dubi ɓangaren wuya, za ki ga wani dunƙulen katako inda wuyan ya haɗu da jiki. A nan ake buga samfurin jita da lambarta, kuma Martin sun riƙe jerin lambobinsu bi da bi tun 1898, shi ya sa lambar take nuna shekara. A kan siririn katakon da ya ratsa tsakiyar bayanta daga ciki kuma akwai tambarin kamfanin da sunan garin Nazareth na jihar Pensilbaniya. Ki dawo mana da abin da kika gani.

Amsa daga wata mamba:

Allah ya gafarta masa. Ina so in ja hankalinki kada ki sa rai da yawa tun yanzu, domin a shekarun 1970 kamfanoni da dama a Japan sun ƙera jitoci masu kama da Martin ƙwarai, har salon rubutun kai suka kwaikwaya, kuma idan ya dusashe ido yana iya ruɗuwa. Ki dubi gefen ramin da kyau: idan zanen katakon ya zarce daga sama har ƙasa, katako ne guda, idan kuwa kin ga falle-falle a manne, filawud ne, kuma tsohuwar Martin ba ta da fuskar filawud.

Mai tambaya:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na duba da tocila kamar yadda Malam ya ce. An buga D-18, ƙarƙashinsa kuma lamba mai adadi shida da ta fara da 21. Tambarin Nazareth yana nan, kuma gefen ramin katako ne guda.

Mai gyaran kayan kiɗa:

To, idan hatimin na asali ne, ƙirar 1966 ce ko farkon 1967, domin lambar ƙarshe ta 1966 ita ce 217215. D-18 bayanta da gefunanta mahogani ne. Tsagar da kika ambata sananniya ce a jitocin wancan zamani: ana manna robar kai tsaye a kan tsuran katako, idan ta tsufa sai ta tsuke ta ja katakon har ya tsage. Ƙwararre yana gyara ta daga ciki, kuma ba ta rage daraja kamar yadda fenti zai rage. Abin da ya fi tsada shi ne wuya. Martin ba su fara sa ƙarfen da ake juyawa a daidaita wuya ba sai 1985, don haka idan tsirkiyoyi sun yi nisa da wuyan, sai an cire shi an sake zaunar da shi. Ki aza doguwar rula a kan ƙarafunan wuyan ki tura ta zuwa jaki, wato katakon da tsirkiyoyi ke ɗaure a kansa. Idan bakinta ya sauka ƙasa da saman jakin sosai, wannan aikin na jiran ku. Duk da haka hoto da bayani ba sa maye gurbin hannu, sai wanda ya san tsofaffin jitoci ya sa madubi a ciki ya ga ko an taɓa canza wani abu.

Amsa daga wani mai tara tsofaffin jitoci:

Malama, game da ƙima, kada ki yi aiki da kuɗin da masu sayarwa ke nema a intanet, domin kowa yana iya rubuta abin da ya ga dama. Ki nemi kuɗin da aka sayar da D-18 ta waɗannan shekaru a zahiri, mai irin lafiyar taku. Shafin Reverb, inda ake cinikin kayan kiɗa a intanet, yana nuna cinikin da aka kammala, haka ma sakamakon gidajen gwanjo. Bayan haka ki biya ƙwararre ya ba ku ƙiyasi a rubuce, da sharaɗin ba shi ne zai saya ba, tun da mai son saye ba zai yaba kaya ba. Ki bayyana masa cewa ƙimar sayarwa kuke so, domin ƙimar inshora takan fi ta yawa, kuma idan aka yi rabo da ita, wanda ya karɓi jitar a matsayin kasonsa shi aka ƙwara. Akwatin, tsohon rasit, hoton Baba riƙe da ita, duk ku adana.

Wani abu kuma da ake mantawa: fuskar wuya da jakin D-18 ta wancan lokaci katakon rozwud ne na Burazil, wanda yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar barazanar ƙarewa, ta sa cikin jerin da aka fi tsanantawa a 1992. Idan mai saye yana wata ƙasa, sai da takardun izini za ta ƙetare iyaka.

Wata mamba:

Ni a ganina kada ku yi gyaran wuyan kafin a ƙiyasta ta. Masu saye da yawa sun fi son su kai wa mai gyaran da suka amince da shi, kuma kuɗin aikin ba lallai ya dawo muku ba. Kafin nan ku sassauta tsirkiyoyin, ku bar ta cikin akwatinta nesa da rana da bango mai laima, a inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari.

Mai tambaya:

Na karanta wa yayana duk amsoshinku, kuma ya janye maganar fenti. Mun sassauta tsirkiyoyin, mun ɗauki hoton hatimin da tsagar, kuma mun amince mu biyar mu haɗa kuɗin ƙiyasin. Ƙanwarmu ta ce idan ƙimar ta fito tana so a lissafa jitar cikin kasonta, domin ita Baba ya fara koya wa riƙe ta.