Maganin tayirod ya yi wa Mama yawa ne? Zuciyarta na bugawa da sauri

Ummu_Hanan:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka min. Mahaifiyata shekararta 68, kusan shekara 9 kenan tana shan lebotairoksin maikrogiram 125 saboda tayirod ɗinta (ƙullutun nan na wuya da ke daidaita ƙarfin jiki) ba ya aiki sosai, to 'yan watannin nan ta rame, daga kilo 78 ta dawo 62, barci ya gagara, hannu na rawa, ga zuciya da take ce min kamar ana buga ganga a ƙirjinta ko tana zaune. An yi gwajin jini na duba tayirod, wato TSH, ya fito 0.05, likita ya ce a sauko 100 amma Mama ta ƙi wai da 125 ɗin ne ta samu ƙarfin jikinta, tana tsoron kasalar da ta sha a baya ta dawo. Ni kuma wallahi zuciyar nan ce ke tsorata ni. Ya zan yi da ita?

Dan_Famasi:
Wa alaikissalam, Allah ya ba Mama lafiya. Gaskiya likitan na kan hanya. TSH na lafiya yawanci tsakanin 0.4 ne zuwa 4.0, kuma abin a juye yake aiki, in maganin ya yi yawa a jini sai TSH ya faɗi ƙasa, to 0.05 ai ya faɗi sosai. Lissafin da ake yi wa babba kusan maikrogiram 1.6 ne a kowane kilo, ki buga da kanki, 78 zai ba ki wajen 125, 62 kuma wajen 100, ga shi tsofaffi ma ƙasa da haka suke buƙata. Abin tsoron a shekarunta shi ne bugun zuciya ya rikice, wanda likitoci ke kira AF, shi kuma yana sa jini ya dunƙule a zuciya ya tafi ƙwaƙwalwa a samu shanyewar ɓarin jiki. Sannan ƙashi na zaizayewa a hankali musamman ga macen da ta daina al'ada. Ki roƙi a mata ECG, wato gwajin bugun zuciya, cikin satin nan, kar ki jira. In ta ji ciwon ƙirji ko numfashi na sarƙewa ko jiri kamar za ta faɗi, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne.

Maman_Biyu:
Ni ma haka ta faru da ni, na ƙi ragewa wata da watanni don ina ganin ƙarfi ne, ashe jikin ne ke gudu ba hutu. Ki faɗa mata ba rana ɗaya za ta ji canji ba, maganin na daɗewa a jini, sai kusan sati guda rabinsa ke fita, shi ya sa ake jira sati 6 zuwa 8 kafin a sake gwaji. In kasalar ta dawo akwai 112 a tsakani, ba wai an rufe ƙofa ba ne. Kawai dai kar ta yanke shan gaba ɗaya da kanta.

Sister_Zee:
Tambaya ɗaya, tana shan bayotin, irin na gashi da farce? Yana iya sa TSH ya fito ƙasa na ƙarya, ana dainawa aƙalla kwana 2 kafin gwaji. Kodayake da alamomin da kika lissafa ban zaci ƙarya gwajin ya yi ba. Kuma ramar kilo 16 ba ƙarama ba ce, a duba ko da wani abu bayan tayirod ɗin.

Ummu_Hanan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ba ta shan bayotin. Na karanta mata maganarki Maman_Biyu ta yi shiru can ta ce to a gwada 100 ɗin, gobe da safe zan kai ta ECG in Allah ya yarda, zan kuma tambayi likita batun ramar.