Muhawara: Shin Kowane Ɗalibi Yana da Salon Koyonsa?

Malamin lissafi: Assalamu alaikum. Wata ɗaliba ta Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, ma'aikaciyar jinya kuma uwar 'ya'ya, ta nemi in riƙa koya mata ƙididdiga ta saƙon murya kaɗai, domin a cewarta ita da kunne take koyo, karatu ba ya shigarta ta ido. Ban amince ba, saboda a ganina raba ɗalibai zuwa masu koyo da ido, da masu kunne, da masu hannu magana ce mai daɗin ji wadda hujjarta ba ta da ƙwari.

Malamar Turanci: Wa alaikumus salam. Malam, ka yi saurin yanke hukunci. Wannan rabe-rabe ba zancen teburin mai shayi ba ne, tun 1987 wani malami ɗan ƙasar New Zealand, Neil Fleming, ya tsara tambayoyin da ake gane salon ɗalibi da su, kuma duk wanda ya jima yana koyar da manya ya san akwai wanda sai an zana masa abu yake fahimta.

Malamin lissafi: Malama, ban musanta cewa kowa yana da abin da ya fi so ba. Tambayar ita ce ko biye wa son nasa yana ƙara masa fahimta. A 2008 wani masanin halayyar ɗan Adam, Harold Pashler, da abokan aikinsa uku sun bi diddigin binciken da aka yi a kan haka, suka tarar kaɗan ne aka gudanar bisa ƙa'idar da za ta iya tabbatar da da'awar, kuma a cikin kaɗan ɗin ma akwai waɗanda suka saɓa mata. Darasi ne ke zaɓar hanyarsa. Lafazin Turanci sai da kunne, amma ta yaya zan karanta wa mutum jadawalin alƙaluma a waya ya riƙe?

Ɗalibi ma'aikacin gwamnati: Malamai, ku yi mini afuwa, ina ganin kun bar ainihin damuwarmu a baya. Ni ma murya nake nema, amma dalilina cunkoson hanyar Nyanya zuwa cikin Abuja ne, inda nake ɓata safiya da yamma a cikin mota, kuma babu halin buɗe littafi. Da yawa daga cikinmu idan muka ce da kunne muke koyo, abin da muke nufi shi ne kunnen kaɗai aiki da iyali suka rage mana.

Malamin Islamiyya: A makarantar allo ba a taɓa tambayar almajiri salonsa ba. Yakan rubuta da hannunsa, ya ji daga bakin malam, ya yi ta maimaitawa da ƙarfi, kuma ba ya wanke allo sai ya biya karatun. Biyawar nan ce ginshiƙi, kuma gwajin da wasu masana biyu, Roediger da Karpicke, suka wallafa a 2006 ya nuna cewa ɗaliban da aka sa su tuno abin da suka karanta sun fi waɗanda suka yi ta sake karantawa riƙe shi bayan mako guda.

Malamar Turanci: Na ji, Alaramma, sai dai almajiri yaro ne, wannan kuwa babbar mace ce da ta daɗe da barin aji, wadda wataƙila kunyar lissafi ce ta sa ta fake da zancen kunne. Idan malami ya fara da gaya mata cewa ta yi kuskure game da kanta, ba za ta dawo ba.

Malamin lissafi: To, zan tura mata gajeren bayani da murya, da sharaɗin ta warware tambayoyi biyu da biro ta aiko mini da hotonsu kafin darasi na gaba.

Malamar Turanci: Kafin ka kafa sharaɗin, Malam, ka tambaye ta makon da take aikin dare, domin a irin wannan mako ko tambaya ɗaya ba za ka gani ba.