Na koma shan giya bayan an yi min addu'a, rashin bangaskiya ne?

Mai_neman_mafita:
Salama 'yan'uwa cikin Almasihu. Ku yi haƙuri ban sa sunana ba. Na daɗe ina shan giya, bara na fita gaba a coci aka ɗora min hannu aka yi min addu'a, na daina na ɗan lokaci har na ba da shaida gaban jama'a, to yanzu ga shi na koma, ranar Lahadi ina zuwa ina waƙa kamar ba komai amma cikina ba daɗi. In na kwana ban sha ba hannuna rawa yake, ga zufa, barci kuma babu. Abokaina biyu ne kawai suka sani, ɗaya ya ce in je asibiti, ɗayan ya ce mai bangaskiya ta gaske ba ruwanshi da likita, azumi kawai zan ƙara. Don Allah ku faɗa min gaskiya, Ubangiji bai 'yantar da ni ba ne tun farko?

Mama_nas:
Ɗana, kafin komai ka saurare ni. Rawar hannun nan da zufa alama ce jikinka ya riga ya saba, kuma mai irin wannan in ya yanke giya lokaci ɗaya shi kaɗai a ɗaki yana iya faɗuwa yana jijjiga, ko ya rikice ya fara ganin abin da babu, yawanci abin ya fi tsanani tsakanin awa 48 zuwa 72 bayan kofin ƙarshe, kuma yana kisa fa. Kada ka haɗa shi da azumi yanzu. A asibiti akwai maganin da ke kwantar da jiki a kwanakin, suna kuma ba da bitamin B1 saboda ƙwaƙwalwa. Abokin nan naka mai cewa ba ruwan mai bangaskiya da likita ya buɗe Kolosiyawa 4:14, Luka da ya rubuta bishara likita ne, Bulus kuma ƙaunatacce ya kira shi.

Tsohon_mashayi:
Ɗan'uwa na san wannan zaman cocin da kake yi, na yi shi. Abin da ya riƙe ni ba giyar ba ce kaɗai, ɓoyon ne, don muddin ba wanda ya sani to ba wanda zai tambaye ka ina ka kwana. Ka duba Yohanna 11, Yesu ne ya ta da Li'azaru, ba mai iya wannan sai shi, amma da ya fito a naɗe da likkafani mutanen da ke tsaye a wurin ya ce wa su kwance shi. Addu'ar da aka yi maka ba ta faɗi ƙasa ba, kwancewar ce ba a yi ba, an tafa maka kowa ya tafi gida.

Yakubu 5:16 ma cewa ya yi mu furta wa juna zunubanmu mu yi wa juna addu'a don mu warke. Ko ƙungiyar nan ta masu son daina shan giya, Alcoholics Anonymous (AA), da ta fara a Amurka a 1935, mashaya biyu ne suka kafa ta, Bill W. da Dakta Bob, da suka ga in suna magana da juna suna iya haƙura, kuma tushenta daga wata zumuntar Kirista ne. A matakansu 12, na biyar shi ne ka faɗa wa Allah, ka faɗa wa kanka, ka kuma faɗa wa wani mutum ainihin abin da ka yi. A 1991 cocin Saddleback a Kalifoniya ta fara Celebrate Recovery, matakan ne dai amma da sunan Yesu a fili. Ba sai ka jira irin wannan ta zo inda kake ba, mu ma kaɗan ne muke haɗuwa duk mako, mu karanta Kalma, kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance ba ƙarya, kuma akwai wanda nake kira ko tsakar dare ne in sha'awar ta taso.

Yar_alheri:
Ni dai na san wanda Ubangiji ya cire wa abin nan dare ɗaya bai sake waiwaya ba, don haka kada mu rage ikon addu'a. Amma ba kowa ake yi wa haka ba, kuma wanda nasa ya ɗauki lokaci bai fi wancan zunubi ba. Abu ɗaya zan ƙara, yayana ka zaɓi wanda za ka faɗa wa, akwai masu ɗaukar sirrin mutum su kai taro da sunan roƙon addu'a, wannan yana ƙona min rai sosai. Nemi dattijo mai riƙe baki, zai fi kyau wanda shi ma ya taɓa fama.

Mai_neman_mafita:
Nagode ƙwarai, Allah ya sa muku albarka. Mama gobe da safe zan je asibitin, akwai wani dattijo a cocinmu da nake ganin zan iya roƙa ya raka ni. Matata ce ban san ta inda zan fara ba, ita ta fi kowa murna ranar da na ba da shaidar nan. In faɗa mata yau ko in bari sai na dawo daga wurin likita?